Adireshin Rumfar Mudassiru

Bunkure, 14 ga Yuli

Zuwa ga ɗana Abdulsamad,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka a Legas. Yaya kasuwa? Mu nan lafiya lau. Iya tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Na hana a gaya maka a waya, domin wannan labari ya cancanci takarda. 'Yarka Muhsina ta ci jarrabawar makarantar kuɗin nan ta 'yan mata da ke birni. Sakamakon ya sauka a rumfar Alhaji Mudassiru dillalin kayan gwari a kasuwar birni, inda wasiƙun ƙauyenmu suke sauka, shi kuma ya ba Ɗanbaba direba ya kawo. A zaure na karanta shi da bakina har sau uku, sai da abokina Dattijo ya ce in bari haka kada rubutun ya ƙare.

Ka tuna ina da shekara hamsin da shida na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar nake barin gona in je in zauna a bencin yara, gwiwata tana dukan tebur, mutane suna cewa tsoho ya rasa aikin yi. To ga shi fom ɗin jikata da hannuna na cika shi, ban kai wa kowa ba.

Iya ta fara lissafin yaji da ƙuliƙulin da za ta haɗa mata na makarantar kwana, alhali saura wata biyu. Ita kuwa ja'irar ta ce in ta dawo hutu da Turanci za ta riƙa gaishe ni, ta ga ƙarshen bokon nawa. Na ce ina jiran ta.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Tambaya Ibrahimu

Bunkure, 22 ga Agusta

Ɗana Abdulsamad,

Ina gaishe ka, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu jikinmu lafiya. Shinkafa ta yi kyau, sai dai ban leƙa ta ba kwana huɗu.

Ranar Litinin na je birni yi wa Muhsina rajista. A jikin bango sun liƙa takardu biyu, ɗaya ta 'yan kwana, ɗaya ta 'yan jeka-ka-dawo. Na bi ta 'yan kwana da yatsa daga sama har ƙasa, ban ga sunanta ba. Yana cikin ɗayar.

Na shiga ofis na sami wata Malama Rauda, mace mai mutunci, ta ba ni kujera ta ɗauko fom ɗin. Na nuna mata inda na zaɓi kwana. Ta ce ta gani, amma gadajensu kaɗan ne, saboda haka duk yarinyar da gidansu yake cikin birni jeka-ka-dawo ake ba ta, a bar gado ga 'yan nesa. Na ce ai mu ne 'yan nesa. Sai ta juyo mini da takardar, ta ɗora biro a wajen adireshin gida. Rubutuna ne. Rumfar Mudassiru na rubuta, har da lambar layin kasuwa.

Abdulsamad, kai ka sani, gidajenmu ba su da lamba, kuma babu mai kawo wasiƙa da yake tsallako kwatar ruwan noman rani zuwa wajenmu. Takardar taki, takardar ƙungiyar manoma, duk adireshin nan muke sakawa tun kana yaro. Tunanina kawai kada sakamako ya ɓata a hanya. Ban tambayi kowa ba, don ina so a ce ni na yi.

Gadaje sun cika, na dawo ban yi rajistar ba. A gida na ce musu makaranta ce ta yi kuskure, ana gyarawa. Iya ta dube ni kawai. Ka taya ni da addu'a, kuma kada ka faɗa wa yarinyar tukuna.

Mahaifinka,
Tambaya

Bunkure, 19 ga Satumba

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso ta hannun Ɗanbaba, na gode da ba ka yi mini faɗa ba, ko da yake da ka yi zai fi mini sauƙi.

Ga abin da na yi. Na karɓo takardar shaida daga dagaci cewa nan aka haifi Muhsina, nan take zaune. Malama Rauda ta karɓa, ta sa ta a layin masu jiran gado, ita ce ta goma sha tara. Ta gaya mini gaskiya, a shekara bai fi yara biyu ko uku suke fasawa ba.

Sai na ce bari in gwada jeka-ka-dawon da ƙafata. Ina idar da sallar asuba na hau babur zuwa bakin titi, na jira mota ta cika, muka bi ta Kura, muka maƙale a cunkoson shiga gari, na sake hawa adaidaita. Ƙarfe tara saura na isa. Su bakwai da rabi suke rufe ƙofa. Na sake gwadawa ranar Laraba, ruwa ya tare ni tun kafin titi. Wannan ni ke nan, namiji. Ina ga yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, kullum, tafiya da dawowa?

Na je wa Mudassiru ko za ta zauna a gidansa. Ashe iyalinsa a Garun Malam suke, shi kansa a rumfa yake kwana ranakun kasuwa. Ba mu da kowa a birni. Dattijo ya kawo zancen wata 'yar uwar surukinsa, Iya ta ce ba za ta ba da jikarta ga gidan da ba ta taɓa shan ruwansa ba, ni ma ban ga laifinta ba.

Ranar Juma'a wa'adin rajista ya cika. An ba wata gurbin.

Jiya da hantsi na kira Muhsina bakin gona na gaya mata komai, cewa ba makaranta ba ce, ni ne. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ruwan kwata, sannan ta ce, “Kaka, baɗi za su sake ɗaukata?”

Na riga na yi wa Malama Rauda wannan tambayar. 'Yan ajin farko kawai suke ɗauka, kuma baɗi shekarunta sun wuce ƙa'idarsu. Amsar tana bakina. Na ce mata in Allah ya yarda. Yau da safe na ga ta fito da littattafan jarrabawar tana bita.

Ka kira ta, Abdulsamad. Kai ka gaya mata. Ni na kasa.

Mahaifinka,
Tambaya