Sammaci Ga Nura Kan Gem Ɗin Taurari

Daga ofishin Babban Alƙalin Nassarawa da kewaye, har Hotoro da Tudun Murtala, zuwa ga Malam Nura, ɗalibi a ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da karatunka, kotu na sanar da kai cewa ta aika maka takarda sau uku ta gidan waya, shiru. Shi ya sa ta buga sammacin a wannan jarida, don duk wanda ya san inda kake ya karanta maka da ƙarfi a gaban abokanka.

Ana tuhumarka da barin suna a wuri mai haɗari, shekara uku, babu mai gadi.

Ka tuna gem ɗin nan da ka haɗa da talabijin ɗin ƙaramin falo, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a? Wani ɗan mutum ne yake gudu a fili, sama ta yi shuɗi har ta kusa baƙi, sai taurari su fara tsinkowa. Da fari ɗaya, yana jan jelar wuta. Sai biyu. Can sai su barke kamar an zazzage buhu, inda duk suka sauka ƙasa ta tsage ta yi ja.

Kotu na da shaida, Habu, ɗan ƙanin mahaifiyarka Hajiya, wanda take riƙo. Yaron kirki ne, duk da ana cewa shi ya zuba gishiri a gwangwanin sukarin direba. Ya ce ran da ya fara ganin abin nan ya dawo daga makarantar allo ke nan, ya ƙame a bakin ƙofa, allo a hammata. A satin nan Malam ya karantar da su cewa da taurari ake jifan shaiɗanu masu satar jin zancen sama. Ga shi yau yana ganin jifan da idonsa, a falon Hajiya, ƙarƙashin fanka.

Ka miƙa masa madannin gem ɗin. Shi kuwa ya ja ɗan mutumin nan ya tsayar da shi daidai inda tauraro zai sauka. Ya ƙone. Ya sake, ya ƙone. Sau bakwai. Da ka tambaye shi ko hannunsa ne ya ƙage, ya ce shi ba zai taimaki shaiɗani ya tsere wa jifa ba. Ka yi dariya har ka faɗo daga kujera, shi kuma ya yi fushi da kai kwana biyu, don a ganinsa kai ne ɗan ƙungiyarsu.

Lokacin ana ta maganar rufe gidajen kallo, sai mahaifinka Alhaji ya ce a kira Malam ya duba ko abin ya halatta. Malam ya zo da niyyar minti biyar, ya yi awa guda, shayinsa ya huce. Duk tauraron da ya faɗo sai ya kauce da kansa, rawaninsa na karkacewa. Da ya miƙe ya ce ɗan mutumin nan ba aljani ba ne, zane ne, a bar shi ya gudu, kada dai a bar salla ta wuce. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Wannan ɗan Adam ne ya zana, ga shi ya firgita mu. To ina ga na gaskiyar?"

Har yau in na ga, wato in Habu ya ga wutar nan tana gangarowa, maganar ce take dawo masa. Ya kan manta da madannin, ya saki baki yana kallon sama ta ƙarya, yana tuna ta gaske da ke bisa rufin gidan, wadda ba a taɓa ɗauke mata wuta ba.

Yanzu ga inda laifinka yake. In an gama wasa, gem ɗin yana nuna sunaye biyar na waɗanda suka fi maki, harafi uku uku. Ran da ka tafi duk biyar ɗin NUR ne. A nan ma ka koya wa Habu baƙaƙen boko, kana nuna masa da tsinken tsintsiya a gilashin. Bayan tafiyarka hannunsa ya faɗa. Ya ci, ya rubuta HAB a sama, naka ɗaya ya faɗo ta ƙasa. Ya yi rawa. Ya sake ci. Sau huɗu yana murna, bai lura da abin da yake yi ba.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar Hajiya ta shigo da tiren shinkafa tana tsinta, ta ce a kunna mata abin nan. Ba wasan take so ba. Ta matsa kusa da gilashin, ta bi layin da yatsa har ƙasa, ta tsaya kan na biyar. Ka san ba ta karanta boko, amma ta san fasalin sunanka. Ta ce, "Da suna da yawa." Ta ɗauki tirenta ta fita.

Tun ranar duk Juma'a sai ta zo ta duba. Saura ɗaya, Nura. In wani ya ƙara ci sau ɗaya, ka fita.

Kuma akwai mai nema. Ishaya, ɗan Malam Yohanna na makwabta, malamin nan ɗan Zariya, yana da yatsu kamar na tela. Sau biyu yana dab da wuce ka. Na farko aka ce masa babarsa na kira, ba ta kira ba. Na biyu janareta ya mutu ba gaira ba dalili, kotu ba ta gano wanda ya taɓa shi ba. Dabaru sun kusa ƙarewa, yaron ya fara kawo ƙanwarsa tana gadin janareta.

An ba da shawarar a ci a rubuta NUR da wani hannun. Kotu ta ƙi. Shaidar zur ce, kuma Hajiya za ta ɗora yatsa a kan abin da ba kai ka taɓa ba.

Saboda haka an yanke hukunci: ka zo babbar Salla, ka zauna a kujerar da ka faɗo daga kanta, ka cika layin nan da kanka.

Allah Ya buɗe maka karatu, Ya tsare ka daga abin da ke saukowa daga sama da abin da ke fitowa daga ƙasa. Allah Ya ja kwanan Hajiya ta ga fuskarka, ba haruffa uku ba. Amin.

Yaya, babu wani alƙali. Ni ne, kuma na san ka gane tun daga gishiri. Ni na kashe janaretan. Har yanzu ina yin wasan, don ba na iya haƙura da kallon taurarin nan, amma duk ran da makina ya kusa naka, sai in ja ɗan mutumin in tsayar da shi daidai inda wutar za ta sauka, kamar ranar farko. Wannan karon na san ba shaiɗani ba ne, ina ba shi haƙuri. Ka zo, ya gaji da ƙonewa.

Ƙaninka mai gadin layi na biyar,
Habu