Itacen Wankan Jego

Zuwa ga hasken idona, Istifanus, inuwata a tsakar rani, ruwan randa ga mai ƙishi, tauraron da ke rigan alfijir fitowa.

Ka ga ban manta da irin kalmomin ba. Suna nan a kaina yadda na kwaso su daga littattafan da kake yi mini tsiya a kansu. Sai dai yau na rubuta su ina kallonsu kamar kayan wata.

Yau ranar masoya ce. Daga ɗakin Mama a nan Argungu ina jiyo matasan majami'a suna wucewa, kowa da jan kaya. Ka tuna bara a gidanmu na unguwar Badariya a Birnin Kebbi? Na wuni ina jiran kati da fure, ka shigo da gasasshen kifi a naɗe cikin takarda. Na juya maka baya, na ce ba ka iya soyayya ba. Ka yi ta cire ƙaya kana tura mini tsokar har na ci. Ina ma in sake samun ƙarfin yin irin wannan fushin!

Ran Asabar ka tsaya a bakin ƙofa, ka tambaye ni ko zan koma gidanmu in na gama arba'in. Na sunkuyar da kai har ka tafi. Ba ƙin ka nake ba, masoyina. Tun da ɗiyarmu ta koma ga Ubangiji kafin ranar suna, ba na jin komai. Mama ta ce ko babu jariri a hannu, jikin da ya haihu sai an gasa shi. Safe da yamma tana tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini. Wasu matan har ihu suke yi. Ni kuwa tururin kawai nake kallo. Da ka zo na duba zuciyata ko za ta yi tsallen da ta saba, sai na tarar da ita kwance kamar ruwan kogin Matan Fada da rani. Tsoro ya kama ni. Wace irin mata zan mayar maka? A littattafaina, in zuciya ta daina bugawa don mutum, labari ya ƙare.

Jiya ’yan zumuntar mata suka zo. Ba su yi mini wa'azi ba, sun zauna ne kawai suna rera waƙa a hankali. Da za su tafi, matar fasto ta duƙa ta shafa mini mai a ƙafa, ta tuna mini daren da Yesu ya ɗaura zane ya wanke ƙafafun mabiyansa, har da wanda zai yi musun saninsa kafin gari ya waye. Bai jira ya ga abin da ke zuciyarsu ba kafin ya durƙusa.

Bayan sun fita sai idona ya faɗa kan tulin itacen wankana. Wa ke tasowa daga Birnin Kebbi a kan babur duk Asabar, ya faskara shi da hannun malamin makaranta da alli kaɗai ya sani? Na ga bororon da ke tafinka, ko da yake kana ɓoye shi a aljihu. Kana hura wuta don matar da ba ta ko ɗaga kai ta dube ka. Haka ma Aminatu maƙwabciyarmu, da ba addininmu ɗaya ba, kullum sai ta aiko da kunun kanwa. Babu littafin da ya koya mini wannan, ga shi kuwa shi ke riƙe da ni.

To, ga amsarka. Zan koma. Ba zan yi maka ƙaryar cewa zuciyata ta farka ba, ban kuma san ranar da za ta farka ba. Amma alkawarin da na ɗauka a gaban Allah ban ɗora shi a kan bugun zuciya ba. Zan dafa maka, in cire maka ƙaya, in shafa wa hannunka magani, har Ubangiji ya dawo mini da sauran.

Kada ka sayo fure. In ka zo ɗaukata, ka fara kai ni in ga inda ka kwantar da ita.

Ba wanda ya taɓa kiran ka da sunan da muka zaɓa mata. Bari in zama ta farko.

Sai ka zo, Baban Salama.

Taka, da ji da rashin ji, har ranar da za a kwantar da ni,
Rifkatu