Ƙanƙarar Mai Jan Laima

Da sunan Allah. Ni mahaifinku, mai matse lemu a bakin tasha, ina rubuta wannan hankalina garau. Ƙafafu ne suka ƙi, kai bai taɓu ba, don haka kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa ni surutu.

Na ɗaya. Injin markaɗe da wuƙaƙe na riga na ba Auta da hannuna, ba sa cikin gado. Ita kaɗai ke kwance injin nan ta wanke har ƙarƙashin haƙoransa, inda tuƙar abarba ke maƙalewa ta yi tsami.

Na biyu. Rumfa ku bar ta a hannun Dogo, shi ne babba. Amma Dogo, na ji kana shirin haɗa teburinmu da na Mai Jan Laima, wanda ya zo jiya jiya ya kafa nasa a tsallaken titi. Ba zan ɓoye ba, ina kishin mutumin nan. Ina zaune ina korar ƙuda, shi layinsa har bakin kwata. Wannan na haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne ranar da na ji ka kira shi Baba, kana yi masa irin dariyar da rabona da ita tun kana ƙarami.

Na uku. Ƙanƙara a bayan kwalba take zama, ba a cikin kofi ba. Dogo, na san sanyin ƙanƙarar Mai Jan Laima ne ya tafi da kai. To, ka taɓa tambayar da wane ruwa aka yi ta? A ƙasa ake jan ta daga mota, ya fasa ya zuba wa mutane. Bokiti guda yake ɗauraye kofuna tun safe har ruwan ya yi kauri, tsumman goge tebur kuma shi ne na goge wuƙa. Ƙwayar cuta ba ta da launi, ba ta da ɗaci. Sai mutum ya isa gida amai da gudawa su kama shi, ya ɗora wa abincin matarsa laifi.

Na huɗu. Ku daina faɗa kan tafasa ruwa. Dogo, ka bar ce wa ƙanwarka hawainiya don ta tsaya tafasa shi. A wanke kankana kafin a yanka, abin da ya kwana kuma a zubar ko da rai ba ya so.

Na biyar. Akwai wata baiwar Allah mai zuwa da sassafe ta bayan rumfa, da kwalbarta a cikin jaka. Auta ta san ta. Matar Mai Jan Laima ce. Shi da kansa yake aiko ta, don ya hana 'ya'yansa shan nasa. Kullum ina cika mata kwalba ban gaya wa kowa ba, kuma wallahi duk cinikin duniya bai kai min wannan daɗi ba. Ku ci gaba da ba ta, yaran ba su yi mana komai ba.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku a inuwa guda. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna. Kai kuma Dogo, idan har yanzu tsallaka titin kake so, ka bari sai matarsa ta zo. Ka cika mata kwalbar da hannunka, sannan ka je ka gaida Baban naka.