Inda Za Mu Kwantar da Uba

Garwa, 9 ga Maris, 1976

Zuwa ga babbar yayata, Yaya Yelwa, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan Garwa mun gode Allah. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa da ke taso mata jefi-jefi. Zafi ya shigo da wuri bana, kogin Binuwai ya janye har yashi ya fito. Ni kuma ina nan a rumfar nama inda kika san ni.

Yaya, maganar ƙanenmu Uba ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ki yi mini afuwa da na ɓoye miki har tsawon wata biyar. Na yi ta zaton abin zai wuce. Kin san shi da surutu, mutumin da in ya dawo daga sayen shanu sai tsakar gida ta cika da dariya. To, tun bayan damina ya fara janye jiki. Ya bar zuwa kara, ya bar zama cikin abokai, daga baya abinci ma sai matarsa Kaltumi ta yi ta lallashi kafin ya kai loma biyu. Ba wanda ya mutu, ba asarar da ya yi, ba su yi faɗa da kowa ba. In an tambaye shi sai ya ce ba inda ke masa ciwo, gajiya ce. An yi rubutu, an yi turare, an yi sadaka. Maƙwabtanmu Fulani kullum "munyal" suke ce mana, wato haƙuri, mu kuwa mun yi shi har mun rasa inda za mu ajiye.

Ranar Talatar da ta wuce da hantsi, wani direba ya ɗauko shi daga kan gadar Binuwai. Ya ce ya daɗe yana kallonsa tsaye, ya cire takalma ya jera su gefe. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, kin gane. Inna ba ta sani ba, mun ce mata rana ce ta buge shi.

Washegari na kai shi wajen likita da taimakon Antoine, malamin asibitin da ke sayen nama a wurina. Likitan ya faɗi sunan ciwon da Faransanci, ban riƙe ba. Antoine ya fassara mini cewa ciwon baƙin ciki ne, ba hauka ba ne, ba kuma iska ba, yana da magani, amma tunda abin ya kai ga gada dole a kwantar da shi inda za a sa masa ido, wata biyu ko fiye. Ya ce a nan ba su da ƙwararren wannan fanni. A nan kaina ya kulle, Yaya.

Antoine ya ce Yawunde. Can akwai likitocin ƙwaƙwalwa na sosai, kuma yanzu da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare tafiyar ta yi sauƙi. Na amince har na fara shiri. Sai na zauna na tuna Uba ba ya jin Faransanci ban da gaisuwa. Mutumin da ciwonsa a zuci yake, yaya zai buɗe cikinsa ta bakin tafinta? Ba mu da kowa a can, Kaltumi kuma ga goyo. Da na faɗa wa Antoine haka sai ya ce akwai wani ƙaramin asibitin mishan a hanyar Poli, masu jinyar suna jin Fulatanci, suna da kirki, za mu iya zuwa duba shi kowane mako. Sai dai shi da kansa ya ce babu likitan wannan ciwo a wurin, gado ne da kulawa kawai. Kaltumi wajen Poli take so saboda kusa ne. Ni kuma ina tsoron kada mu zaɓi sauƙinmu mu bar lafiyarsa.

Sannan ga Kaduna. Wani falke ya ce mini akwai asibitin masu irin wannan ciwo a wajenku, ma'aikatan Hausa suke yi. Amma da na matsa masa sai ya ce shi ma ji ya yi, bai taɓa shiga ba. Wani kuma ya ce duk irin waɗannan wurare ɗaure mutane ake yi da mari. Ban san wanda zan gaskata ba. Ga neman lasefase, wato takardar izinin ƙetare iyaka, da mara lafiya. Da safe sai in tashi da Yawunde, kafin azahar na koma Poli, da la'asar ina Kaduna. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ni ɗakin nawa ko'ina ɗiga yake.

Jiya Inna ta kunyata mu duka. Ta ji muna ta gardama da Kaltumi, sai ta tambaya ko akwai wanda ya tambayi shi mai ciwon. Wallahi babu. Na shiga na zauna kusa da shi, na jera masa wuraren uku a hankali. Da na gama, na yunƙura zan tashi. Sai ya riƙe bakin rigata ya ce, "Yaya Mahmudu, ku kai ni inda in na yi magana za a ji ni. Kuma kada a ɗaure ni, ban yi wa kowa komai ba." Rabon da ya haɗa magana mai tsawon haka tun kafin Babbar Salla.

Don haka ga roƙona. Ki je asibitin nan da ƙafarki, ba aike ba. Ki ga inda suke kwana, ki dubi ƙafafun marasa lafiya, ki tambaya ko likitan da kansa yana jin Hausa, ko ana barin dangi su kawo abinci. Abin da idonki ya gani shi za ki rubuto mini, mai daɗi ko mara daɗi. In ya yi miki, zan kawo shi da kaina. In bai yi ba, ban san ta yi ba tukuna, amma dai zan san abu ɗaya tabbas. Kafin amsarki ta zo na bar wa abokin sana'ata rumfa, ina wuni tare da shi.

Ki gaishe mini da maigida Malam Dawuda da kyau, da Hassana da ƙannenta. Inna tana sa miki albarka, Kaltumi tana gaisuwa. Na tambayi Uba ko yana da saƙo, ya ce in ce miki ki ajiye masa tabarma.

Naki ƙane,
Mahmudu