Wayar Ƙofa Ba Ta San Riƙo Ba

Zuwa ga Shugabar makarantar da Jamila take karatu, Nukkai, Jalingo.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ke da malamanki kuna lafiya.

"Anti, waya ba ta san ki ba." Abin da malamar bakin ƙofa ta ce mini ke nan ranar Talata, da na je ɗaukar Jamila. Tana faɗa tana kallon ƙasa, don shekara huɗu ke nan tana gaishe ni a wurin.

Ina jin daɗin makarantarki, Hajiya. Yarinya tana karatu, har gyara mini lissafi take yi. Sabon tsarin shaidar ma ya burge ni: makaranta ta daina tara bayanan iyaye, kowa tasa shaidar tana cikin wayarsa, shi zai nuna a ƙofa a ba shi ɗansa. Madalla. Tun da kun ce gwaji kuke yi kafin ku tabbatar, ga abin da na gani.

1. Tsarin ya ɗaure yaro da sunan da ke kan takardar haihuwa. Jamila 'yar yayana ce, da aka yaye ta aka ba ni. Ni ce mai kitso, ni ce mai zaman asibiti. Wanda ya ƙera abin nan, da alama a garinsu ba a riƙo. Ki shiga aji ɗaya ki tambayi yara nawa ne ke hannun goggo ko kaka.

2. Mahaifinta kaɗai zai iya tura mini izini daga wayarsa. Yana can bayan Gembu da shanunsa, sai ya hau tudu yake samun sabis. Wayar kuma su uku suke amfani da ita, har da ƙaninsa. Ke nan ƙaninsa da bai taɓa ganin yarinyar ba ya fi ni iko da ita a ƙofarki.

3. Na tambaya wa zai gyara, aka ce ai daɗin tsarin ke nan, babu ofishin da ke riƙe da shi. Duk zamana a jami'a ban ji an yi alfahari da rashin wurin kai kuka ba.

A ranar, Baba Yohanna maigadi ne ya ce ya san ni, ya miƙo mini yarinyar. Yanzu na ji an ba shi takardar tuhuma, aikinsa yana lilo. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Roƙona: a janye takardar. A tambayi kamfanin da ya kawo tsarin yadda za a sa mai riƙo, da abin da za a yi idan waya ta ɓace ko ta faɗa ruwa. A gwada da iyayen da wayarsu ba ta shafawa ba ce. Kafin nan, a bar tsohon littafin ƙofa a inda yake.

Jiya na zo kawo miki wannan kukan da kaina, aka ce kina ciki da mutanen kamfanin. Na ce da sakatariya ai da su ma nake. Ta yi murmushi, ta ja ƙofar a hankali, ni kuma na nemi keke na koma Yelwa.

Allah ya ƙara miki basira, ya raya mana yaran baki ɗaya.

Wassalam.

Goggon Jamila,
Yelwa, Jalingo.