Motar Yayanki Ta Ƙi Fita

Zuwa ga 'yata Delu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya nauyin jiki? Yaya maigidanki, yaya zafin Gashuwa? Mu nan Fagge lafiya lau, alhamdu lillahi.

Delu, na ce zan zo kafin ki sauka, to ga ni zaune. Kitikar nan, motar yayanki Sani, wadda zai kawo ni a ciki, gabanta ya duƙufa kamar tsohuwa mai neman allura. Sai ya shigo da ita garejin Babanku, ya ɗauko Emeka makaniki daga Sabon Gari. Suka ƙara mata sifirin, gaban ya miƙe daidai da baya, suka sa manyan tayoyi saboda yashin hanyarku. Mota ta yi kyau wallahi, har guɗa na yi.

Sai da aka zo fita, kanta ya tokare azarar ƙofa! Ba wanda ya tuna ya auna. Suka sace iskar tayoyin, duk da haka saura yatsa uku. Na ce a mayar da tsofaffin, ashe Sani ya ba masu takalmin taya, har sun yanyanka. Babanku ya ce ginin mahaifinsa ne, ba mai fasa masa. Na roƙe shi in bi motar haya, ya ce ba da yawunsa ba.

Yau kwana tara kayan yajinki da kanwa suna ɗaure a bayan motar. Kullum sai na leƙa su.

Ki taya ni addu'a Allah ya sassauto da zuciyar Babanku. Ki gaida surukarki. Na cikin nan kuma, ki lallashe shi ya jira ni.

Innarki