Ko In Kai Hajara Kwatano

Alhamis, 14 ga Afrilu, 1994

Yau a kasuwar shanu Alhaji Buba ya sake kawo min zancen Kwatano, ta ƙasar Binin. Wai tun da kuɗinsu sefa ta faɗi, masauki a bakin teku ya yi araha, mutum ya tsallaka daga Legas ran Juma'a, ya kwana biyu ya juyo. Na ce masa hutu sai ma'aikatan gwamnati.

Amma har na iso unguwarmu Dogo Tebo matata Hajara ce a raina. Wata huɗu ke nan da muka binne 'yarmu Ummi, ko zaure Hajara ba ta leƙa ba. Hanyar ce ke ba ni tsoro. Ga nisa, ga zafi, ga masu binciken kan iyaka, kuma Inna za ta ce na ɗauki matar aure yawon banza.

Da Hajara ta kawo min tuwo na gwada ta.

"Hajara, za ki so ganin teku?"

Ta ce, "Malam, da gaske ba a hango ƙarshensa?"

Duk zuwana Legas ban taɓa tsayawa na duba ba. Na ce mata sai mun je mun gani. Tun rasuwar, yau ce rana ta farko da ta tambaye ni wani abu.